Yadda Ake Shirin Jarabawar Zama Ɗan Ƙasar Amurka

Wanda ya tashi daga Maradi ya zauna a Amurka da katin zama na dindindin, wanda jama'a ke kira girin kat, in ya cika shekara 5 da shi yana iya neman zama ɗan ƙasa. Mai aure da ɗan ƙasa shekara 3 ta ishe shi. Takardar da ake cikawa ita ce N-400, hukumar shige da fice da zama ɗan ƙasa ta Amurka, wato USCIS, ke karɓar ta, kuma ranar da jami'inta ya kira ka ganawa ranar ce ake yi maka jarabawa kan gwamnati, tsarin mulki da tarihi. A can Amurka ake yin ta, ba a ambasad ta Yamai ba. Sai dai mutane da yawa ba su samun sararin karatu sai sun zo gida hutu, to a kula da wannan tun kafin a buɗe littafi: zaman da ya wuce wata 6 a jere a wajen Amurka yana iya karya lissafin shekarun zamanka, wanda ya kai shekara guda kuwa yana karya shi. Cikin shekara 5 ɗin dole ka yi wata 30 ƙafarka na ƙasar. Ɗan kasuwar da ke zuwa Maradi tun kafin azumi ya zauna har bayan babbar Salla ya ƙirga kwanakinsa daga tambarin fasfo.

Fara da sanin wace jarabawa ce taka, domin iri biyu ne. Wanda ya shigar da takardarsa kafin 20 ga Oktoba 2025 yana kan ta 2008: tambayoyi 100 zai karanta, a yi masa 10, ya ci 6. Wanda ya shigar daga wannan rana zuwa gaba yana kan sabuwa: tambayoyi 128, a yi masa har 20, ya ci 12. Da ka cika 12 jami'i zai tsaya, haka ma in ka faɗi 9. Da baki ake yi, da Turanci, babu zaɓi tsakanin amsoshi huɗu, babu takarda a gabanka. Tambayoyin da amsoshinsu duka suna shafin USCIS kyauta. Kada ka dogara da tsohon littafin da wani ɗan'uwa ya ci tasa jarabawar da shi shekarun baya.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe ba wajen hadda ba ne. Hoton gwamnatin da ke kansu ne ke ruɗa su. Wanda ya yi lekol a Nijar ya taso da tsari irin na Faransa, mai shugaban ƙasa da faraminista, amma a Nijar da majalisar dokoki guda ɗaya, wa'adin shekara 5, gwamnan jiha kuma daga Yamai ake naɗo shi. A Amurka babu faraminista. Gwamnan kowace jiha cikin 50 jama'arta ke zaɓensa, kuma jihar tana da nata kundin tsarin mulki, da majalisarta, da kotunanta. Abin da ya fi kusa da wannan a idon Bamaraɗe shi ne tsallaken iyaka, Katsina, domin Najeriya ta ɗauko salon Amurka tun 1979. Yi amfani da wannan kamannin don ka gane, amma kada ka ɗauko alƙalumansa. A Najeriya sanata 3 kowace jiha ke da su, a Amurka 2 ne, jimla 100, kowanne na shekara 6. Majalisar wakilai tana da kujeru 435 masu ƙuri'a, wa'adinsu shekara 2, kuma yawan jama'ar jiha ke yanke yawan kujerunta. Shugaban ƙasa shekara 4, ba ya wuce zaɓe biyu. Shida, biyu, huɗu: waɗannan ukun suna rikiɗewa a baki in gaba ya faɗi, don haka a riƙa maimaita su tare kullum.

Sassan gwamnati uku ne, kuma an gina su ne don kowanne ya taka wa ɗan'uwansa birki. Majalisa ke yin doka, ita ke da ikon ayyana yaƙi. Shugaban ƙasa ke sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kuma kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya tsallake shi. Shi ne babban kwamandan sojoji, shi ke zaɓen alƙalan Kotun Ƙoli, amma sai majalisar dattawa ta amince. Alƙalan 9 ne, ba su da wa'adi, babbansu John Roberts tun 2005. In shugaba ya kasa ci gaba mataimakinsa ke hawa, in su biyun ne sai kakakin majalisar wakilai. Wanda ya fahimci dalilin wannan rabon iko zai amsa tambayoyi goma da fahimta guda.

Sai haƙƙoƙi, kuma nan ya kamata a daɗe, domin wannan ilimin yana amfani bayan jarabawa. An rubuta kundin tsarin mulki a Filadelfiya a 1787, an yi masa gyara sau 27. Gyare-gyare 10 na farko, na 1791, su ne kundin haƙƙoƙi. Na farko cikinsu ya ƙunshi abu biyar: ƴancin faɗin albarkacin baki, na addini, na jarida, na taro cikin lumana, da na kai wa gwamnati koke. Game da addini, amsar tana da fuska biyu: kana iya bin kowane addini, kana kuma iya ƙin bin ko ɗaya. Ayar da ta kare masallacin unguwarku a Bronx ko Greensboro ita ce ta kare maƙwabcinka da ba ya zuwa ko'ina, kuma ita ta hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata. Gyara na 4 ya hana a bincike gidanka ko kayanka ba bisa ƙa'ida ba, na 5 ya ba ka damar yin shiru kada ka ba da shaida a kan kanka, na 6 ya ba wanda ake tuhuma damar samun lauya da shari'a cikin hanzari.

A bambance abin da yake na kowa da abin da yake na ɗan ƙasa kaɗai. Magana, addini da taro na duk mazaunin Amurka ne. Jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, tsayawa takarar muƙamin tarayya da zama cikin masu taya alƙali yanke hukunci na ɗan ƙasa ne. Mai girin kat da ya yi rajistar zaɓe ko ya jefa ƙuri'a, ko da wani ne ya miƙa masa takardar a ofishin lasisin tuƙi, yana iya rasa damar zama ɗan ƙasa har ma da zamansa.

Tarihin ƙuri'a ya fi sauƙin riƙewa in aka jera shi kamar labari. Bayan yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, gyara na 13 ya soke bauta, na 14 a 1868 ya tabbatar da zama ɗan ƙasa ga wanda aka haifa ko aka ba takarda a ƙasar, na 15 a 1870 ya hana a hana mutum ƙuri'a saboda launin fata. Mata sun samu tasu a 1920 da gyara na 19, na 26 kuma a 1971 ya sauke shekarun zaɓe zuwa 18. Cikin sauran tarihin akwai: ƴancin kai 4 ga Yuli 1776, Thomas Jefferson ya rubuta sanarwar, layuka 13 na tuta su ne yankunan farko, taurari 50 jihohi.

Hanyar karatu kuwa babu wadda ta fi ta makarantar allo: ƙari da tilawa. Raba tambayoyi 128 kan mako 8, wato 16 a mako. Daga Litinin zuwa Alhamis ƙari, huɗu a rana, Juma'a da Asabar tilawar duk abin da ya gabata. Yanka takardun kaye gida huɗu, tambaya a gaba, amsa a baya, a ɗaure da roba a sa a aljihu. Wanda ka ci sau uku a jere ya koma ƙasan tulin, wanda ka faɗi ya dawo sama. Amma karatu da ido kaɗai yana yaudara, tunda da kunne za ka karɓi tambayar. Sami wani mai Turanci, ko ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ya riƙa jefo maka su a hargitse, da murya, ba bisa jerin littafi ba. Ku fi matsa wa alƙaluma: a Turanci 13 da 30, ko 15 da 50, ƙarshen kalmar kaɗai ya raba su, kuma 435 sai an saba furta ta take fita sumul.

Wasu amsoshin ba a haddace su tun da wuri, domin zaɓe na canza su: shugaban ƙasa, mataimakinsa, kakakin majalisa, gwamnan jiharka, sanatocinka da wakilin mazaɓarka. Duba su a makon ganawar, bisa adireshin da kake zaune a Amurka. Mazaunin birnin Washington ba shi da sanata, kuma faɗin haka ita ce amsar.

Ranar ganawa jami'i zai sa ka ɗaga hannun dama ka yi alkawarin faɗin gaskiya, sannan ya bi takardarka ta N-400 yana tambaya. Wannan hirar ita ce gwajin jin Turancinka, don haka ka san kwanakin tafiye-tafiyenka da ma'anar kowace tambaya da ka amsa da e ko a'a. Za ka karanta jimla ɗaya daidai cikin uku, ka rubuta ɗaya cikin uku, galibi a kan allon lantarki. Ƙaramin kuskuren harafi ba ya kayar da mutum in ma'ana ta fito, amma taƙaita kalma yana kayarwa. In aka ce ka ambaci abu ɗaya, ambaci ɗaya ka yi shiru. In ba ka ji ba, roƙi a maimaita.

Dattawan da ƴaƴansu suka ɗauke su suna da sassauci. Mai shekara 50 da ya yi 20 da girin kat, ko mai 55 da ya yi 15, ba ya gwajin Turanci, kuma yana iya amsa tambayoyin da Hausa in ya zo da tafintansa. Mai 65 da ya yi 20 tambayoyi 20 masu alamar tauraro kaɗai zai karanta, a yi masa 10, ya ci 6. Wanda ya faɗi wani sashe a karon farko ana sake kiransa tsakanin kwana 60 zuwa 90, a gwada shi a sashen da ya faɗi kawai. In ya sake faɗi an ƙi takardar, sai ya nemi a sake duba hukuncin ko ya cika sabuwar N-400 ya biya kuɗinta daga farko.