Darasi na 9: Wanda Aka Yi wa Dashen Ƙoda Ya Riƙa Duba Fatarsa

Idan aka dasa wa mutum ƙodar wani, jikinsa kan ɗauke ta baƙuwa, ya far mata. Shi ya sa likita ke ɗora shi kan maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki, kamar tacrolimus ko cyclosporine. Muddin ƙodar na jikinsa, shan maganin nan ba fashi. Ba labarin nesa ba ne, domin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na yin wannan dashe tun 2002.

Sai dai garkuwar da aka raunana, ita ce ke tare ciwon daji tun bai yi saiwa ba. Don haka wasu nau'o'in dajin fata da ba kasafai ake ganinsu ba kan samu ƙofa.

Wanda ya fi shafar mu shi ne Kaposi. Ya samo sunansa daga likitan da ya bayyana shi a 1872. Wata ƙwayar cuta mai suna HHV-8 ke jawo shi. Mutane da yawa a Afirka na ɗauke da ita, lafiyarsu ƙalau, sai garkuwa ta yi rauni take tasowa. A baƙar fata, yakan fito kamar tabo mai duhu ko ɗan kulluttu, galibi a ƙafa, wani lokaci har da kumburi. Yakan fito a dasashi ma. Sau da yawa ba zafi, ba ƙaiƙayi, kuma abin da ke sa a yi sakaci ke nan.

Sau ɗaya a wata, ka tsaya inda haske yake, ka ɗauki madubi. Duba tafin ƙafa, tsakanin yatsu, matsematsi da cikin baki. Bayanka kuwa, uwargida ko maigida ya duba maka. Sabon tabo, ko gyambon da ya ƙi warkewa, a nuna wa likita. Kada a kai wa wanzami, kada a yi sakiya. Zabiya kuma ya ƙara da malafa da riga mai dogon hannu, don rana ta fi yi masa illa.

Kada tsoro ya sa ka ajiye maganinka, sai ka rasa ƙodar. Likita ne zai rage shi, ko ya sauya maka da sirolimus, kuma sau da yawa tabon kan ja baya.

Aiki: Rubuta wurare uku da za ka duba a jikinka. Wa za ka nuna wa sabon tabo?