Yadda za ka zaɓi lambar pon baya in kana son motarka ta ƙara tashi

Da farko dai ka duƙa ka leƙa ƙarƙashin motarka, in babu farfela da ta taso daga buwat ta nuhi tayun baya to wagga magana ba taka ba ce. Corolla da Camry da yawancin Golf da anka cika gari da su duk tayun gaba ke jan su, tasu lambar tana cikin buwat, wani aiki ne daban. Da masu BMW irin E30, E36, E46 nike, da masu Mercedes 190 da C-Class, da duk mota mai ja da baya wadda mai ita ke jin injin na da ƙarhi amma tashinta da nauyi.

Cikin pon, wato gidan ƙarhen da ke tsakanin tayun baya inda farfela ke shiga, akwai ƙarhe biyu masu haƙora, ƙaramin shi ne pinyon wanda farfela ke juyawa, babban shi ne kuron wanda ke juya tayu. Ka raba haƙoran babban da na ƙaramin, abin da ya hito shi ne lambar. Kuron mai haƙora 41 da pinyon mai 11 sun ba ka 3.73, in pinyon mai 10 ne sun ba ka 4.10. Wato farfela sai ta juya sau huɗu da ɗan wani abu kahin taya ta juya sau guda. Lamba na hawa mota na ƙara zabura amma injin na ƙara kuka a gudu guda, lamba na sauka mota na yin sanyi wajen tashi amma tana shimfiɗa a doguwar hanya. Kamar keke mai giya ne, babban faranti na baya yana hawan tudu da sauƙi amma ƙafarka za ta yi ta wulwulawa ba ka je ko'ina ba. Kuma ka cire ma ranka cewa dokin injin zai ƙaru, ko guda ba ya ƙaruwa, ƙarhin da ke isa ga taya a kowace giya ne kawai ke canzawa.

To ka san lambar da kake da ita yanzu tukunna, don da yawa motocin nan da ke shigowa ta Kwatano ko Lome an riga an taɓa su tun can, abin da ke takarda daban abin da ke ƙarƙashi daban. A BMW akwai ɗan ƙarhe maƙale jikin pon da lambar a rubuce, in ka ga S a gabanta to mai kulle tayu biyu ne, kar ka sake ka rabu da shi da arha. In ɗan ƙarhen ya ɓace ko ba ka yarda da shi ba, ka sa duwatsu ka tare tayun gaba da kyau, ka sa giya a sake, ka sauke birkin hannu, ka ɗaga taya guda ta baya ka bar gudar a ƙasa. Sa alamar alli a taya da farfela, yaro ya juya taya sau 20 kai kana ƙirga farfela, abin da ka samu ka raba da 10. In ka ƙirga 29 da ɗan ƙari to 2.93 ce, in 31 da rabi 3.15 ce. In kuwa tayar ta ƙi juyawa saboda pon mai kulle ne, ɗaga duka biyun ka juya sau 10 ka raba da 10. Kuma don Allah kar wanda ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita.

Yanzu ga inda aikin yake, lissahin tur, wato yawan juyin injin a minti. Nan ne samari ke faɗawa rami, wani ya gani a waya an sa ma mota 4.10 a Amurka tana ƙona taya shi ma sai ya ce 4.10 yake so, bai tambayi wace irin buwat ke waccan motar ba. Lissahin ba wuya. Taya mai lamba 225/45 R17 in ta juya sau guda tana cin kusan mita 2. Mota mai gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 2000 a minti, kenan taya na juyi 1000 a minti. Sai ka ninka 1000 da lambar pon, ka sake ninkawa da lambar giyarka ta ƙarshe, shi ne tur ɗin da allurar za ta nuna maka.

Ɗauki 328i E36 mai giyar hannu, daga kamfani da 2.93 take zuwa, kuma giyarta ta biyar 1.00 ce cif, babu giyar hutu a samanta. A 120 tana kusan tur 2930. Ka sa mata 3.15 irin ta 325i ta koma 3150, ka sa 3.46 ta koma 3460, ka sa 3.91 ta koma 3910, ka sa 4.10 ɗin da kake mafarki ta koma 4100. To ka zauna ka yi tunanin tahiya daga Maradi zuwa Damagaram, kilomita ɗari biyu da wani abu, ta Tasawa, a watan Afrilu rana ta wuce 40, injin na ihu a tur dubu huɗu tun daga hita gari har ka isa, kilim a kunne, lagireto ta tsufa. Balle Yamai da ta wuce kilomita 600. Wallahi kahin Gidan Rumji ka fara neman wanda zai saye ta. Amma M3 E46 da ke zuwa da 3.62 tana da giya ta shida 0.83, a 120 tur 3000 take, ko an sa mata 4.10 ɗin 3400 kawai za ta yi, shi ya sa su can suke sawa hankali kwance. Lamba guda, mota biyu, sakamako ba guda ba.

Akwai wani abu kuma da mutane ba su lissafawa, kowace giya tsawonta na raguwa. Waccan 328i ɗin giyarta ta biyu 2.49 ce, da 2.93 tana kai ka kusan 107 kahin allura ta taɓa ja a 6500. Da 3.46 kuwa wajen 90 ta ƙare, dole ka shiga ta uku kahin ka ga 100. Kenan a jiki za ka ji ta hi zahi sosai, amma in agogo anka sa daga tsaye zuwa 100 wani ɓangare na ribar ya tahi wajen canjin giya. Giya ta ɗaya ma da lamba babba sosai kusan banza take zama, kana taka totur taya na murzawa a wuri guda, musamman titunanmu da iska ke zubo ma yashi kullum, ƙarhin da taya ba ta iya kamawa da shi kuɗin taya ne kawai kake ƙonawa.

Ni a ganina ga motar da za ka shiga gari da ita kuma ka yi doguwar tahiya, ƙari na kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari ya isa. Raba sabuwar lamba da tsohuwar ka gani. Daga 2.93 zuwa 3.15 kashi 7 da rabi ne, za ka ɗan ji amma ba zai girgiza ka ba, in da tsada ma bai cancanci wahalar ba. Daga 2.93 zuwa 3.46 kashi 18 ne, nan motar ta zama wata daban, kuma nan nike tsayawa in giyar ƙarshe 1.00 ce. Daga 2.93 zuwa 3.91 kashi 33 ne, wannan sai motar wasa wadda ba a tahiya da ita. Kuma wasan ma a nemi fili, ba cikin ayarin biki ba inda 'yan kabu-kabu da yara ke ko'ina.

Akwai gwajin da ba ya cin ko dala. In lissahi ya nuna maka sabuwar lamba za ta kai ka tur 3500 a doguwar hanya, hau kwalta ta Madarumfa ko ta Ɗan Isa, ka zaɓi giyar da za ta riƙe maka allura a 3500, ka yi minti ashirin a haka kana sauraren injin kana kallon allurar zahi. In kunnenka ya ɗauka shi kenan, in ka ji hannunka na neman wata giya a sama to ka rage lamba. Mai ma za ta ƙara sha a doguwar hanya, a cikin gari bambancin ba shi da yawa, kuma tunda anka cire tallahin mai a Najeriya a 2023 'yan ruwa-ruwa ba su da arhar da.

Masu Hilux da Land Cruiser da sunka sa manyan tayu, ku taku matsalar a juye take, babbar taya tana rage ma mota ƙarhi. Daga 265/70 R16 zuwa 285/75 R16 tsawo ya ƙaru da kusan kashi 7, in kana da 4.10 sai ka nemi wajen 4.30 ko 4.56 ka dawo daidai. Amma gaba da baya dole lamba guda, in ka canza baya kaɗai ranar da ka sa ta ja da huɗu za ka ji abin da ba ka so.

Wajen saye, hanya mahi sauƙi ita ce ka samu pon gaba ɗaya na kwance mai lambar da kake so a ɗaura. Samfurin otomatik sau da yawa suna zuwa da lamba ta sama da ta masu giyar hannu, can ake samo su. Ko a nan gari ko Ƙofar Ruwa a Kano, kar ka yarda da bakin mai kaya, ka juya da hannunka ka ƙirga, in zai bari a buɗe murhin baya ka ga haƙoran da launin man. Man da ke ƙyalli da garin ƙarhe ka bar mishi abinshi. Ka kula da girma, BMW na da ƙaramin gida mai kuron milimita 168 na injin silinda huɗu, da 188 na silinda shida, da 210 na manya irin M3 E46, kar ka sa ƙarami bayan injin mai ƙarhi don kawai lambar ta yi maka. Na E46 ba ya zama a E36, wurin ɗauri ba guda ba, kuma ko pon ɗin da ya zauna a motarka wani lokaci sai an canza bakin da farfela ke kamawa.

In kuwa kuron da pinyon kaɗai za a canza a cikin gidan pon ɗinka, tare ake sayen su, a kamfani an goga su da juna, ba a haɗa na wanga da na wancan. Kuma ba kowane bakanike ba ne na wannan aiki. Tambaye shi ko yana da agogon auna wasan haƙora, wasan nan bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, ba abin da ake ji da yatsa ba ne. Tambaye shi ko zai shafa fenti a haƙora ya duba inda suke haɗuwa. In ya ce maka haba Alhaji shekara nawa muna yi da ido, ka yi mishi godiya ka ɗauki kayanka, don pon da anka ɗaura ba daidai ba kuka zai fara kuma ba ya dainawa sai haƙoran sun cinye. A sa sabbin boris da sil tunda an riga an buɗe. In wani ya ce a yi ma pon walda don tayu su kulle, ka ƙi, a kwana mota za ta riƙa tsalle tana cin taya.

Mai otomatik ya bincika tukunna, wasu kwamfutocin buwat in sunka ga gudun taya bai yi daidai da abin da sunka sani ba sai su rikice su maƙale a giya guda. Agogon gudu ma in daga buwat yake karatu zai fara yi maka ƙarya, in daga tayu ko cikin pon yake karatu ba abin da zai same shi, ka gwada da GPS na waya ka gani.

Bayan an ɗaura sabbin haƙora kar ka hita ka take ta don abokai su gani. Yi tahiya ta minti goma sha biyar zuwa ashirin a hankali, ka tsaya pon ya huce sarai, ka maimaita haka sau biyu ko uku. Kilomita 800 na farko ba zabura ba jan kaya, sannan ka zubar da man ka sa sabo. Man pon mai alamar GL-5 ake sawa, 75W-90 ko 80W-90, in mai kulle ne kuma ka duba galan ɗin an rubuta LS a jiki, in ba haka ba zai riƙa ƙara yana karkarwa duk sanda ka sha kwana a hankali.