Yadda na rabu da ƙullin kafaɗar da ya hana ni ɗinki

Wata huɗu ina fama da wani ƙulli a saman kafaɗata ta dama kamar an cusa min ƙwallon goruba cikin nama, in nayi awa biyu kan keken ɗinki sai ciwon ya hau wuya ya bi bayan kunne ya koma ciwon kai. Man zafi kam na shafa har na gaji, maganin kemis na sha har cikina ya fara ƙuna na ajiye.

Ƙanwata ce ta matsa min naje sashen gashi a asibiti. Likitar fisiyo na danna wajen da yatsa wallahi sai da naji shi har cikin kaina, tace tsoka ce ta ɗaure taƙi saki. Tace zata min busasshiyar allura, siririya ce irin ta akufanca, wato maganin tsira allurai na 'yan China, ba ruwan magani a cikinta shi yasa ake kiranta haka. Tana sokawa naman yayi wani zillo da kansa na zabura, tace "Malam kwantar da hankalinka, abin da muke nema kenan". Ta kama naman ta ɗaga kafin ta soka, wai huhu na nan ƙasa kusa, ba aikin da kowa zai taɓa bane.

Kwana biyu wajen yayi tsami kamar na sha duka, nayi ta gasawa da tsumma da ruwan ɗumi. Zuwa uku nayi, sati-sati. Amma gaskiya ba allurar kaɗai bace, ta koya min miƙa wuya safe da yamma, sannan na ƙara wa kujerata tsawo da matashi dan na daina ɗage kafaɗa. Ɗinkin sallah na bana ban sha ko ƙwaya ɗaya ba.