Gaɓar "port" a kalmomin Ingilishi

Ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC, ina ba ku shawara ku daina haddace kalmomin Ingilishi ɗaya bayan ɗaya, ku riƙa tara masu gaɓa guda a shafi ɗaya na littafinku. Ku duba "port", wadda asalinta Latin ne da ma'anar ɗauka. Import shigo da kaya ne, export fitar da su, transport kuma sufuri, kamar jirgin ƙasan da ke tashi daga Rigasa zuwa Abuja. Wadda na fi so ita ce porter, wato ɗan dako, irin wanda za ku gani da buhun shinkafa a ka a Kasuwar Gumi. Sai dai ku kula da portion, domin ita kaso take nufi.