Kurakuran da ake yawan yi wajen cire mutum daga bayan hoto

Ka bi Bauchi Road ko Terminus a Jos ka ɗaga kai ka kalli fostocin da aka manna, zaka ga ɗan takara an yanke masa gefen hula, wani kuma kunne ɗaya ya tafi, wani an bar masa farin layi ya zagaye shi kaf. Yawancin masu wannan aikin sun iya haɗa kala da rubutu, wajen gefe ne suke sakaci.

Tun daga hoton da kostoma ya turo matsalar take farawa. WhatsApp yana matse hoto in an turo shi haka kawai, da ka zuƙo sai kaga gefen duk ya farfashe, babu manhajar da zata ba ka yanka mai kyau a haka. Ka ce masa ya turo a matsayin dokumen. In ya ce ai sikirinshot ɗin kawai gare shi to ka faɗa masa gaskiya tun kafin ka karɓi kuɗi.

Sai dogaro da danna sau ɗaya. remove.bg da PicsArt da Canva duk suna cirewa cikin daƙiƙa kuma suna ƙoƙari, amma fa Alhaji ne cikin farar babbar riga a gaban farin bango, manhajar bata san inda riga ta ƙare bango ya fara ba, sai ta cinye kafaɗa. Haka majik wan (Magic Wand) na Photoshop, kala yake bi, kuma lambar Tolerance ɗinsa, wato yawan kalar da zai ɗebo, a 32 take zuwa, in ya ɗebo har da riga ka rage lambar zuwa 10 ko 15, in ya ƙi ka haƙura ka ɗauki fen tul (Pen Tool) ka bi gefen da hannu. Akwai cin rai amma shi ne maganin. Sannan na kyauta a remove.bg ƙaramin hoto yake ba ka, ya isa sitatus, ka kai shi firinta a buga babbar fosta kuwa sai dishi-dishi.

Wanda yafi ɓata aiki a ganina shi ne magogi, wato Eraser. Yara da yawa da suke koyo a shagunan Ahmadu Bello Way da shi suke fara gogewa, in ka goge yatsa ka ajiye fayil ka rufe shikenan ya tafi. Maimakon haka ka saka mas (mask, mai ɓoye abu ba tare da goge shi ba) a kan leyar (layer) da mutumin yake, baƙin burushi yana ɓoyewa fari yana dawo da abin, harafin X yana juya maka su. Gobe uwar amarya ta ce ina zanen lallen hannun ya shiga, ka dawo da shi cikin minti ɗaya. Wanda baya da Photoshop, Photopea kyauta ne a burauza kuma yana da mas ɗin.

Gemu da gashi da mayafi shara-shara kuma kar ka bi su da fen, zasu fito kamar an yanka kwali da almakashi. Ka shiga Select and Mask ka shafa burushin gyaran gefe a kan gashin kawai, banda fuska. Mayafi ya fi wahala saboda ana hango bangon baya ta cikinsa, in an ɗau hoton a gaban koren labule koren yana nan cikin mayafin, sai ka kunna Decontaminate Colors ko ka rage kalar a wurin da hannu. Ka duba ramukan da ake mantawa, tsakanin hannu da jiki, cikin ɗan kunne, ƙasan gwaggwaro, nan tsohon bango yake laɓewa.

Farin layin nan kuma baka ganinsa a kan fari. Ka saka leya baƙa a ƙasa ka zuƙo 200%, sannan ka canza ta ja ka sake kallo, in ya fito ka matso da gefen ciki da fiksel 1, ka ɗan tausasa shi da 0.5 zuwa 1. Wasu suna zuba 10 wai don ya yi laushi, mutum ya koma hayaƙi.

Wajen ajiyewa, JPG baya riƙe bayan da babu komai, zai cika maka da fari, PNG zaka zaɓa. Kuma in ka sauko da hoto daga Google kaga akwatunan toka da fari tun kafin ka buɗe shi, na bogi ne, an zana su a jiki ne.

In ka ɗora mutumin a sabon wuri ka kalli inda haske yake dukan fuskarsa, in daga dama ne kar ka saka bayan da ranarsa take hagu, sai dai ka juya bayan. Kar ka juya mutumin in akwai rubutu a rigarsa ko hularsa. Ka ɗan saka inuwa mai laushi ƙarƙashin takalmi, in ba haka ba ango zai fito yana yawo a iska a kan katin biki.