Yadda ake duba jirgin ruwa da gyara shi bayan gobara a wurin ajiya

Idan wuta ta tashi a rumfar da ake ajiye jiragen ruwa, kada mai jirgi ya taɓa komai sai 'yan kwana-kwana sun ba da izinin shiga. Da shigarsa, ya ɗauki hoton jirgin ta kowane ɓangare tun kafin a gusar da shi, ya kuma nemi rahoton hukumar kashe gobara, domin da waɗannan ne zai tunkari kamfanin inshora ko mai wurin ajiyar.

Daga nan sai a cire batir, a fitar da tankin mai zuwa fili. Kada a kuskura a tayar da injin don gwaji, saboda ruwan kashe wutar yana iya shiga cikinsa, kuma tayar da shi a haka kan lanƙwasa ƙarafan ciki. Aikin makaniki ne ya kwance fulogi, ya tsiyaye ruwan, ya wanke kabureta, ya sauya man giya da duk wayoyi da tiyon da zafi ya taɓa. A gaggauta wanke baƙin hayaƙi da ruwa da sabulu, domin hayaƙin roba yana ɗauke da sinadarin da ke cin ƙarfe.

Jikin jirgin ne ya fi bukatar natsuwa, domin ɓarnar zafi ba duka ido ke gani ba. Jirgin faiba, wato wanda aka ƙera da zaren gilashi da ƙaro, yana iya fita da fentinsa lafiya, alhali ƙaron da ya haɗa zarensa ya riga ya saki. A bi shi da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa a hankali. Inda amon ya dushe, nan ya rabu daga ciki, kuma wajibi ne a yanke wurin har a kai ga lafiyayye kafin a yi sabon liƙi. In jirgin na alminiyom ne kuwa, sai zafi ya kai wajen digiri 660 a ma'aunin Salshiyas alminiyom yake narkewa, amma ƙarfinsa kan ragu tun kafin nan. Kwalekwalen katako ya fi sauƙin ganewa: a kankare gawayin, in katakon ya sirance a sauya shi, a sake toshe haɗin da ya buɗe.

A ganina, babu jirgin da ya cancanci ɗaukar fasinja bayan gobara sai an saka shi a ruwa marar zurfi, an ɗora masa kaya masu nauyi, an bar shi ya kwana, an tabbatar ba ya yoyo.