Yadda Ake Raba Takarda Mai Murabba'i Kashi-Kashi Daidai ta Hanyar Ninki Kaɗai

Mai son koyon origami, wato fasahar ninke takarda da ta shahara daga Japan, ba ya daɗewa sai ya gamu da umarnin da ke cewa a raba takarda kashi uku ko biyar. Raba ta biyu, huɗu ko takwas ba ya ba kowa wahala, tun da haɗa gefe da gefe ne kawai ana maimaitawa. Sulusi da humusi ne ke sa mutum ya ɗauko rula, alhali ninki da kansa ya fi rula ba da ma'auni na gaskiya, domin bai damu da girman takardar ba, kuma ba ya barin saura kamar yadda santimita 15 ke bari idan aka raba ta bakwai.

Farkon aiki shi ne samun murabba'i na sosai. Takardar A4 da ake samu a shagunan fotokofi na Maraɗi faɗinta santimita 21 ne, tsawonta kuma 29.7. A kamo kusurwa ɗaya a ninke har gajeren gefe ya kwanta bisa dogon gefe, sannan a yanke rarar da ta rage. Idan gefunan ba su hau juna daidai ba, gara a sake wata takardar, saboda duk abin da zai biyo baya a kan wannan yankan ya dogara.

Hanyar da na fi amincewa da ita wajen fitar da sulusi ita ce ta haɗuwar layuka biyu. A ninke takardar daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa kusurwar sama ta dama, a buɗe. Bayan haka a haɗa gefen hagu da na dama, amma kada a danne ninkin duka, a ɗan matse bakin ƙasa kawai don ya bar ƙaramar alama a tsakiya. Sai a yi ninki na biyu wanda ya tashi daga kusurwar sama ta hagu ya sauka kan wannan alama. Wurin da layukan biyu suka gicciye juna yana nesa da gefen hagu da sulusin faɗin takardar cif, haka kuma nisansa da gefen ƙasa. A jawo gefen dama ya taɓa wannan mahaɗa a danne, sannan a ninke gefen hagu zuwa sabon layin, takarda ta rabu uku ke nan. A kan takarda mai santimita 21, kowane kaso zai zama 7, kuma yana da kyau a gwada da rula karon farko don zuciya ta natsu.

Abin da ya sa wannan hanya ta cancanci a riƙe ta da kyau shi ne ba ta tsaya ga sulusi ba. Idan aka sa alamar bakin ƙasa a kan rubu'in farko daga hagu maimakon tsakiya, mahaɗar za ta faɗa kan humusi. Idan aka sa ta kan kashi ɗaya cikin shida, wanda ake samu ta raba sulusi biyu, sai a sami kashi ɗaya cikin bakwai. Ƙa'idar guda ce: kullum yawan kashin da takardar za ta rabu yana ɗara na alamar da ɗaya. Aibinta shi ne tana barin layuka a tsakiyar takarda, don haka masu son aiki mai tsabta sukan danne ninkin a daidai inda ake sa ran haɗuwar kawai.

Akwai wata hanyar da ta fi sauri, wadda ke ɗauke da sunan Kazuo Haga, malamin ilimin halittu ɗan Japan. A yi alama a tsakiyar gefen sama, a ɗago kusurwar ƙasa ta dama a ɗora ta kan alamar, a danne. Gefen ƙasa da ya ɗago zai ratsa gefen hagu a daidai sulusi daga ƙasa. Ninki ɗaya ne, amma yana bukatar hannu mai natsuwa, domin ƙaramar karkata wajen ɗora kusurwar tana girma kafin ta isa gefen hagu.

Wanda ba ya son ko layi ɗaya na banza a jikin takardarsa, sai ya bi dabarar Shuzo Fujimoto, masanin origami ɗan Japan, wadda ke farawa da kintace. Don humusi, a ƙiyasta shi da ido daga hagu a yi alama. A kai gefen dama kan alamar a matse, a sake kai gefen dama kan sabuwar alamar a matse, sannan a kai gefen hagu kan wannan ta ƙarshe, a kuma kai shi kan wadda ta fito. Kowane ninki yana rage kuskuren da rabi, shi ya sa bayan ninki huɗu kuskuren milimita 8 yake komawa rabin milimita. Idan aka sake zagayen, ido ba zai ƙara ganin bambanci ba.

Yanayi ma yana da nasa tasiri. A lokacin hunturu takarda kan bushe, zaren jikinta yana iya tsagewa idan aka goga akaifa da ƙarfi ko aka juya ninki ɗaya gaba da baya sau da yawa, a damina kuwa takan yi laushi ta ƙi riƙe layi sosai. A yi aikin bisa tebur mai santsi da hannu busasshe, a daidaita gefuna tukuna, sannan a danne daga tsakiyar ninkin zuwa bakinsa biyu, ba daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba, don kada takardar ta zame.